Jinjina ga Manomin Majalisa

A watan Nuwamban 2002 mutanen tsakiyar jihar Kalifoniya suka yi dacen da ba kowace al'umma ke samu ba. Suka tura wani matashi mai shekara 29, Devin Nunes, ya wakilce su a Majalisar Wakilan Amurka. Ba lauya ba ne, ba kuma ɗan gidan manyan 'yan siyasa ba. Ɗan gida ne, tsatson 'yan ci-ranin da suka zo daga tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, ya tashi a gonar shanun madara ta iyayensa a gundumar Tulare. Ya san tashin asuba, ya san warin garke, an kuma sha ba da labarin yadda ya sayi shanu bakwai na ƙashin kansa tun yana ɗan shekara 14. Yana da shekara 23 ya ci kujera a hukumar gudanarwar kwalejin Sequoias da ke Visalia. A 1998 ya nemi tikitin majalisa ya faɗi, bai karaya ba. A 2001 Shugaba George W. Bush ya ba shi shugabancin ofishin raya karkara na ma'aikatar gona a jihar, da aka yanka sabuwar mazaɓa bayan ƙidayar 2000 kuwa sai ya sake fitowa a tutar Republican, ya yi nasara. Hajar da ya kasa irin ta 'yan mazan jiya ce, mai daɗin ji: a rage haraji, gwamnati ta cire hannunta daga aljihun mutane, kowa ya ci guminsa, a ba manomi ruwa a bar shi ya yi aikinsa. Wa zai ƙi irin wannan ɗan takara? Shekara 19 ya yi a kan kujerar, kuma rashin adalci ne a bar su su wuce ba a yaba masa ba.

Wurin da ya fito ya isa a san shi. Gundumar Tulare tana cikin kwarin San Joaquin, kuma tana sahun gaba wajen samar da madara a duk faɗin Amurka. Shanun da ke cikinta sun fi mutanenta yawa. A shekara mai albarka, madararta kaɗai takan haura dala biliyan 2. Duk watan Fabrairu a garin Tulare ake yin ɗaya daga cikin manyan bajekolin kayan noma na duniya. Wannan gunduma dai ita ce kuma take cikin mafi talauci a Kalifoniya, inda iyalai masu ɗimbin yawa ke sayen abinci da tallafin gwamnati, alhali da hannunsu ake ciyar da ƙasar. Babu shakka irin wannan wuri yana buƙatar wakilin da ya san ciwon kansa. Sun kuwa samu: ya san ciwon kansa ƙwarai da gaske.

Abin da ya fara burge ni game da Ranka-ya-daɗe shi ne zurfin ciki. A 2006 iyayensa da ƙaninsa suka sayar da gonarsu ta Kalifoniya, suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma garin Sibley a jihar Iowa, tafiyar da ta haura kilomita 2,000, suka buɗe wata gonar madarar mai suna NuStar. Ƙaramin ɗan siyasa da tuni ya tayar wa masu zaɓensa hankali da wannan labari. Shi kuwa sai ya tausaya musu. Fiye da shekara goma ana kiran sa manomin madara na Tulare a jaridu da gidajen talabijin, bai ga dalilin katse wa mutane jin daɗinsu ba. A Kalifoniya ɗan takara yana da damar rubuta sana'arsa a ƙarƙashin sunansa a takardar ƙuri'a, shi kuma ya ci gaba da rubuta cewa manomi ne. Da wasu 'yan mazaɓarsa marasa godiyar Allah suka je kotu a 2018 suna cewa mutumin nan fa ba ya noma, alƙali ya bar masa laƙabinsa. Wani da ya yi shiru haka nan, ya ci nasararsa. Amma shugaba nagari ba ya barin talakawansa cikin ɓata: a watan Agustan 2019 ofishin yaƙin neman zaɓensa ya maka mutanen a kotu, har da wani dattijo da ya ƙarar da rayuwarsa yana noman 'ya'yan itace. Bayan 'yan makonni aka janye ƙarar, tunda darasin ya riga ya shiga. A wannan shekarar ce kuma ya bayyana wa majalisa cewa yana da ɗan kaso a wata gona, wadda ba ta kawo masa ko sisi ba. Ka ji noma tsakani da Allah, ba don abin duniya ba.

Akwai wani ɗan jarida, Ryan Lizza, da bai iya zama lafiya ba. Ya tashi takanas ya je Sibley, ya rubuta wa mujallar Esquire dogon rahoto a 2018, inda ya nuna cewa gonakin madarar yankin, har da ta dangin ɗan majalisar, sun dogara ne da ma'aikatan da ba su da takardun zama. A nan dole a ɗan tsaya, domin nan ne cibiyar maganar. Saniyar madara ba ta san Lahadi ba, ba ta san Kirsimeti ba. Sau biyu ko uku ake tatsar ta kowace rana, shekara ta zagayo. Mai wannan aiki yakan yi sa'o'i goma ko sha biyu a tsaye kan siminti mai santsi, cikin fitsari da kashin shanu, da sanyin Iowa mai daskarar da yatsu ko zafin kwarin San Joaquin mai narkar da kwalta, kusa da ƙafar dabbar da shurinta ɗaya ke karya haƙarƙari. 'Yan ƙasa ba sa rububin wannan aiki. Bizar H-2A da doka ta tanadar wa ma'aikatan gona ta aikin kaka ce, ba ta shafi aikin da ba ya yankewa ba. Binciken da jami'ar Texas A&M ta yi wa ƙungiyar masu samar da madara ta ƙasa a 2015 ya nuna kashi 51 cikin ɗari na ma'aikatan gonakin madara baƙi ne, kuma gonakin da ke ɗaukar baƙi su ke samar da kashi 79 cikin ɗari na madarar Amurka. Kowa a harkar ya san haka. Mai gona ya sani, ɗan majalisa ya sani, mai shan shayi da madara da safe ma in ya so zai sani.

Sibley kuwa a lokacin tana cikin mazaɓar Steve King, ɗan majalisar da ya yi suna wajen ƙyamar baƙi, shi kuma gwarzonmu yana cikin na hannun daman Donald Trump, mutumin da ya hau mulki da alkawarin gina katanga da korar baƙin haure. Dubi hikimar wannan tsari. Da rana a yi gangami a la'anci baƙo, da asuba baƙon ya tashi ya tatsi shanu. Mutumin da ke kwana da fargabar a kama shi ba ya neman ƙarin albashi, ba ya kai ƙara in na'ura ta cinye masa yatsa, ba ya shiga ƙungiyar ƙwadago, kuma ba ya jefa ƙuri'a, balle ya kayar da kowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan majalisar ya ce shi ba shi da ko taro a gonar Iowa, kuma babu wanda ya nuna akasin haka. Duk da haka, saboda tsabar zumunci, ya maka Lizza da kamfanin mujallar a kotu yana neman dala miliyan 75, dangin ma suka shigar da tasu. Madalla da wannan jarumta, domin ba don ita ba da ba a buɗe littattafan gonar ba. Da aka buɗe, sai aka tarar kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen da suka yi aiki a can, sunayensu da lambobin shaidarsu ba su dace da abin da ke rumbun gwamnati ba. A watan Afrilun 2023 alƙalin kotun tarayya C.J. Williams ya yanke hukuncin cewa ainihin abin da rahoton ya faɗa a kan ma'aikatan gaskiya ne. 'Yan jarida nawa ne ke samun wanda suka rubuta labari a kansa ya kashe kuɗin lauya shekara da shekaru don ya tabbatar musu da aikinsu? Wannan karamci ne da ya kamata makarantun koyon aikin jarida su riƙa tunawa da shi.

Kan batun ruwa kuwa ba a magana, nan ne fagensa. Ya yi shekaru yana yaƙi da dokokin da ke hana a tsotse ruwan kogunan Sacramento da San Joaquin baki ɗaya saboda wani ɗan mitsitsin kifi da ke dab da ƙarewa. A 2012 ya tsallakar da ƙudurinsa na ruwa a Majalisar Wakilai, ya je ya mutu a ta Dattawa. A watan Fabrairun 2014, da Shugaba Obama ya zo Fresno ana tsakiyar fari, gwarzonmu ya huce wa duniya rai da cewa zancen ɗumamar yanayi shirme ne. Manoman kwarin suna buƙatar ruwa, wannan ba ƙarya ba ce, kuma wanda ya ga gonar almon ta bushe ba zai raina kukansu ba. Sai dai akwai wani ruwan, wanda ba ya shiga gona, cikin yaro yake shiga. A 2012 masana na jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka miƙa wa jihar rahoton da ya ce kimanin mutum 254,000 a yankin tafkin Tulare da kwarin Salinas suna cikin haɗarin shan ruwan da sinadarin naitiret ya gurɓata, kuma kashi 96 cikin ɗari na sinadarin daga gonaki yake sauka, daga takin zamani da kashin dabbobin da ake zubawa. Naitiret yana hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata. Tun a 2011 wata jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin samun ruwa, Catarina de Albuquerque, ta taka har ƙauyen Seville na gundumar Tulare don ta ga yadda mutane ke biyan kuɗin famfo, sannan su sake biyan na ruwan gora saboda na famfon ba ya shayuwa. A farin 2014 rijiyoyin gidaje ɗaruruwa suka ƙafe a East Porterville, cikin wannan gunduma, a ƙasar da ta fi kowace arziki. Mazauna waɗannan wurare galibi su ne masu tatsar shanun da tsinkar lemun. Shugaba mai hangen nesa ya san ba kowane ƙishi ake ɗaga wa murya ba. Ƙishin gona yana da ƙungiya, yana da lauyoyi, yana ba da gudummawar yaƙin zaɓe. Ƙishin ƙauyen Seville ba ya da ko ɗaya, don haka ba a ɓata masa lokacin Honarabul ba.

Haka ya nuna ƙarfin zuciya ranar 4 ga Mayun 2017. A lokacin fiye da rabin mutanen gundumar Tulare da shirin Medi-Cal suke ganin likita, wato inshorar lafiyar da gwamnati ke biya wa marasa ƙarfi. Aka kawo ƙudurin rushe dokar lafiya ta Obama, wanda ofishin ƙididdigar kasafi na majalisa ya ce zai zabtare sama da dala biliyan 800 daga wannan shiri a faɗin ƙasa, ya kuma ƙara mutum miliyan 23 a kan marasa inshora kafin 2026. Ƙudurin ya tsallake da ƙuri'a 217 da 213. Rago ne zai tsaya tunanin makwabtansa a irin wannan rana. Namiji ya ɗaga hannu ya ce ya amince. Majalisar Dattawa ce ta ɓata aikin daga baya, ba laifinsa ba ne. Da annobar korona ta shigo a watan Maris na 2020, likitoci suna roƙon mutane su zauna a gida, shi ne ya fito a tashar Fox ya shawarci masu lafiya su kwashi iyalansu su je gidajen cin abinci, tunda yanzu babu cunkoso.

To ƙananan masu shanu fa, 'yan'uwansa na sana'a, waɗanda da sunansu ya shiga majalisa? Lokacin da ya kama aiki a 2003 akwai gonakin madara masu lasisi kimanin 70,000 a Amurka. Lokacin da yake haɗa kayansa a 2021 ba su kai 30,000 ba. Ba mutum ɗaya ya jawo wannan ba, kuma an fara shi tun kafin a haife shi. Amma a lura da yadda bai bar abin ya ɗauke masa hankali ba. Kowace gona da ta rufe, iyali ne suka tsaya suna kallo ana gwanjon shanun da suka san kowace da sunanta. A watan Oktoban 2019 sakataren noma na gwamnatin da yake karewa, Sonny Perdue, ya je bajekolin madara na Madison a Wisconsin ya gaya wa manoma ƙiri-ƙiri cewa a Amurka babba ƙara girma yake yi, ƙarami kuma ya fita. Manomin majalisa yana can yana da ayyukan da suka fi wannan nauyi.

Ayyukan kuwa manya ne. Daga 2015 zuwa 2019 shi ne shugaban kwamitin leƙen asiri na majalisa. A watan Maris na 2017, yana jagorantar binciken katsalandan ɗin Rasha a zaɓen da ya kawo Trump mulki, ya sulale da dare zuwa harabar fadar White House, aka nuna masa wasu takardu, washegari ya koma fadar da sauri ya sanar da shugaban ƙasa abin da ya gani a gidan shugaban ƙasa, kafin ma 'yan kwamitinsa su ji. Ya janye daga binciken na wani lokaci, kwamitin ɗa'a ya wanke shi daga zargin fallasa sirri. Ladabi ga na gaba dai ba a koya masa.

Amma duk wannan shimfiɗa ce. Abin da zai sa tarihi ya riƙe sunansa ya faru ne a watan Maris na 2019. Tun kafin lokacin, wani da ba a san ko wane ne ba ya buɗe shafi a Twitter da sunan saniyar Devin Nunes, yana rubutu da bakin wata saniya da ke zaune a Iowa tana neman mai gidanta, tana yi masa shaguɓe, tana kiran sa makiyayi maci amanar ƙasa. Mabiyanta ba su fi 1,200 ba. Wani shugaban da ya kau da kai. Shi kuwa ya tafi wata kotu a gundumar Henrico ta jihar Virginia, nesa da mazaɓarsa da faɗin nahiya guda, ya shigar da ƙarar Twitter, da wata mai ba 'yan siyasa shawara, da wani shafin barkwanci mai kiran kansa mahaifiyarsa, da kuma saniyar, yana neman diyyar dala miliyan 250. Cikin kukansa har da cewa zagin da ake yi masa ne ya rage masa tazarar nasara a zaɓen 2018, inda Andrew Janz ya matso shi da kusan maki biyar. Lauyansa ya zauna ya kwafe zagin ɗaya bayan ɗaya cikin takardar ƙara, don kada wanda bai gani ba ya yi asara. Cikin 'yan kwanaki mabiyan saniyar suka haura na ubangidanta, har suka wuce 600,000. A ina aka taɓa ganin makiyayin da ya ɗaukaka dabbarsa haka? Saniya ta kai shi majalisa, shi kuma ya kai ta kotu, ba a bar bashi ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Kamfanin McClatchy, mai jaridar Fresno Bee ta yankinsa, dala miliyan 150. Tashar CNN, miliyan 435. In ka haɗa da ta Esquire da ta saniya, abin da ya nema a waɗannan ƙararraki huɗu na shekara guda ya kai dala miliyan 910. Kuma kada a manta, a 2017 sunansa yana cikin masu goyon bayan wani ƙuduri na hana shigar da ƙararrakin banza, saboda haka ya san su, ba da ka yake yi ba. A watan Yunin 2020 alƙali ya cire Twitter daga shari'ar bisa sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996, wanda ya ce ba a kama kamfani da laifin abin da masu amfani da shi suka rubuta. Lauyan ya amsa a gaban kotu cewa sun kasa gano mai saniyar. Tsohon shugaban kwamitin leƙen asiri na ƙasar da ta fi kowa kunnuwa, saniya ta ɓace masa. An kori ƙarar CNN a 2021. Masu ƙaramin tunani suna cewa ya yi ta faɗuwa. Ba su fahimci aikin ba. Ƙaramar jarida da ke fama da biyan albashi, in ta ga abin da kare kai a kotu ke ci, za ta yi tunani sau biyu kafin ta sake aika wakili ya tambayi wa ke tatsar shanu. Wanda ke cutuwa da wannan shiru shi ne mutumin da ba shi da kowa sai ɗan jaridar da zai zo ya tambaye shi.

Ƙasa ba ta manta da irin wannan hidima ba. Ranar 4 ga Janairun 2021 Trump ya rataya masa lambar yabo mafi girma da shugaban Amurka ke bai wa farar hula. Kwana biyu bayan haka 'yan tarzoma suka fasa ginin majalisa, da ƙura ta lafa kuma ya shiga sahun 'yan Republican 147 da suka ƙi amincewa da sakamakon zaɓen wasu jihohi. A ƙarshen shekarar, ga shi dab da zama jagoran jam'iyyarsa a kwamitin haraji, kujerar da daga kanta zai iya yi wa Tulare abin da bai yi ba a shekara 19, sai ya nuna bai ɗauki mulki a bakin komai ba. Ya ajiye aiki wa'adinsa bai cika ba, ya bar mazaɓar babu wakili har watan Yunin 2022, ya tafi shugabancin kamfanin sadarwa na Trump. Can ma albarkar nomansa ta bi shi: a 2023 kamfanin ya samu kuɗin shiga kimanin dala miliyan 4, ya yi asarar miliyan 58, a 2024 kuma ladan shugaban, wanda mafi yawansa hannun jari ne, ya haura dala miliyan 40. Kowa ya ci guminsa, kamar yadda aka yi alkawari tun 2002.

Kamfanin shi ne mai dandalin Truth Social, wanda aka kafa don kare 'yancin faɗin albarkacin baki daga zaluncin su Twitter, kuma sashe na 230 ɗin nan da ya hana shi dala miliyan 250 shi ne ya zama garkuwar sabon gidan nasa. An buɗe dandalin ga jama'a a watan Fabrairun 2022. A makon farko wani mai tsara shafukan intanet ya yi rajista da sunan saniyar Devin Nunes. Bai kai ga rubuta ko kalma ɗaya ba aka rufe masa shafin.